Karatun Ƙirar Jiki da Na Yi a Gombe Don Koyon Tausar Kai da Tsatso

Tausa ce sana'ata, kuma a hannun Goggo na koye ta. Goggo ƙanwar mahaifinmu ce, ungozoma a Jekadafari tun Gombe tana ƙarƙashin jihar Bauchi, kafin a ba mu tamu jihar a 1996. Yawancin waɗanda nake yi wa aiki masu jego ne, sai dattawan mata masu ciwon kwankwaso da gwiwa, sai ma'aikatan ofis da wuyansu ke ƙagewa saboda zaman gaban kwamfuta. Koken da na fi ji a bakinsu duka shi ne ciwon kai. In tausa wuya, in tausa kafaɗa, wata ta ji daɗi, wata ta dawo jibi tana riƙe da kai. Ni kuwa ban san abin da ya ba ta farkon sauƙi ba, balle abin da ya dawo da ta biyun.

Ina cikin neman abin da zan ƙara a kan aikina na ci karo da bidiyon wata irin tausa a YouTube, wadda ake kira kiraniyosakaral, tausar ƙoƙon kai da ƙashin tsatso. Mai yin ta ba ya murzawa, ba ya dannawa. Ƙeyar mutum yake tallabewa da tafukansa biyu, ya yi shiru, ya daɗe a haka, sannan ya koma ƙugu. Ta shiga raina, don hannun Goggo ma haka yake in ta riƙe kan jariri. Na sami inda ake koyar da ita ta intanet, amma sharaɗinsu na farko shi ne ɗalibi ya kawo shaidar ya yi anatomi da fiziyoloji, wato ilmin ƙirar jiki da na yadda gaɓoɓi ke aiki. Ni kuma abin da nake da shi bayolojin sakandare ne kawai. Sai na yi rajistar kwas ɗin share fage, na sayi babban littafin rubutu da fensiran kala, na ware bayan sallar asuba kafin yara su tashi. Darussan bidiyo kuwa da dare nake sauke su a waya in akwai wuta, don kada data ta ƙare mini a tsakiyar bayani.

Mutum biyu ne suka riƙe ni. Adda, yayata, ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe a ɗakin haihuwa. Hamma kuma ɗan Baffa ne, likitan gashin ƙashi, a Jami'ar Bayero ya yi karatu. Ranar da na gaya masa abin da nake shirin koya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ƙanwata, ki yi anatomin da gaske. In kin gama sai mu yi maganar tausar." Littafinsa mai hotuna ya ara mini, wanda gefen shafukansa duk rubutun hannunsa ne tun yana ɗalibi.

Da ƙasusuwa aka fara. Baligi yana da 206, kuma 22 daga ciki a kai suke: 8 sun haɗu sun yi ƙoƙon da ya rufe ƙwaƙwalwa, 14 na fuska ne, ban da 'yan ƙananan nan guda shida da ke cikin kunnuwa. Na haddace takwas ɗin ba wuya: na goshi, biyu na saman kai, biyu na gefen kunne, na ƙeya, ɗan ƙaramin da ke tsakanin idanu a saman hanci, da sifenoyid, wanda yake shimfiɗe a gindin ƙoƙon kai yana taɓa sauran bakwai ɗin duka. Amma hadda daban, fahimta daban. A takarda komai a shimfiɗe yake, ba ka ganin wane ƙashi ya hau kan wane, ba ka ganin kaurinsa. Ƙoƙon kan roba da ɗaliban likita ke amfani da shi kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfina a lokacin.

Babbar Sallah ce ta warware mini wannan. Da aka yi layya na ce a bar mini kan ragon. Na dafa shi har naman ya sule, na wanke ƙashin, na shanya a rana. Gani ya kori ji. Ga mahaɗar ƙasusuwan nan a fili, layuka masu lanƙwashe-lanƙwashe, haƙoran wannan sun shige cikin na wancan, kamar ɗinkin ƙwaryar da ta fashe aka gyara. Na juya shi na ga gindinsa cike da huji, manya da ƙanana, na riƙa zura tsinken tsintsiya ina bin kowane huji in ga inda ya ɓulla, ina duba littafin Hamma ina neman takwaransa a kan mutum. Ta waɗannan hujin ne jijiyoyin saƙo da na jini ke shiga suna fita. Kan rago ba kan mutum ba ne, nasa dogo ne, kuma babban ramin da laka ke fita ta cikinsa a can baya yake, namu kuwa a ƙasa yake saboda a tsaye muke tafiya. Duk da haka tsarin ɗaya ne. Har ƙasusuwan wuya bakwai ne a rago kamar yadda suke a mutum, raƙumin dawa ma da duk tsawon wuyansa bakwai gare shi.

Busasshen ƙashi ba ya nuna abin da ke ciki, don haka daga baya na je kasuwa wajen wani dattijon mahauci na sayi ɗanyen kai, na roƙe shi ya raba mini shi biyu a hankali, kada ya farfasa.

"Malama, farfesu za a yi ne ko me?"

"Karatu zan yi da shi, Baba."

Bai yi mini dariya ba. Ya ajiye gatarinsa ya aiki yaro ya aro zarto, ya yanka mini a tsanake, har ya nuna mini wata farar fata mai tauri da ke manne a cikin ƙashin, ya ce kullum in ya fasa kai sai ya yage ta kafin ya ciro ƙwaƙwalwa. Wannan fatar ita ce tantanin waje na ƙwaƙwalwa, wadda littafi ke kira dura. A gida na ja ta da yatsu biyu iya ƙarfina, ba ta yage ba. Ƙwaƙwalwar kuwa, in ka ɗan danna sai yatsanka ya nutse. Tun daga ranar ban sake riƙe kan mutum yadda nake riƙewa a da ba.

Darasin kan jariri shi ne wanda ya haɗa ni da Goggo zama mai tsawo. Jariri ana haifarsa ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, shi ya sa suke ɗan hawa kan juna lokacin da yake ratsowa, shi ya sa kuma wani ke fitowa da kai a zuƙe. Cikin 'yan kwanaki kan yake komawa daidai da kansa, ba sai an matsa ba. Maɗigar baya takan rufe cikin wata biyu zuwa uku, ta gaba kuwa tana kaiwa shekara ɗaya da rabi, wani yaron har kusa da shekara biyu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne maɗiga tana ba da labarin abin da ke faruwa a jiki. In ta faɗa ciki, yawanci ruwan jikin yaro ne ya ƙare saboda gudawa ko amai. In ta kumburo ta yi tauri alhali yaron ba kuka yake ba, to matsi ya ƙaru a cikin kai, asibiti za a nufa nan take.

Na ce mata, "Goggo, maganin da mata ke shafawa a maɗiga in ta faɗa, ba wurin ba ne ke ciwo. Ruwa ne ya ƙare a jikin yaron. Ruwan gishiri da sukari na leda za a dama a lita ɗaya ana ba shi, ana ci gaba da ba shi nono, a kai shi a duba."

Ta ce, "'Yar nan, ai na daɗe da lura duk yaron da maɗigarsa ta faɗa, in ka tambayi uwar za ta ce yana zawo. Mu gani muka yi, ku kuka karanta dalili."

Na riƙe wannan maganar. Ba duk abin da na kawo mata take karɓa ba, har yau muna ja a kan gasa kan jariri da tsumma mai zafi, amma in aka kawo mata yaro mai faɗaɗɗiyar maɗiga yanzu tambayarta ta farko ita ce sau nawa ya yi bayan gida.

Gadon baya bai ba ni wahala ba: bakwai na wuya, 12 na ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, biyar na kwankwaso, sai ƙashin tsatso wanda asalinsa guda biyar ne suka haɗe, sai ɗan guntun da ke ƙarshe. Abin da ban taɓa sani ba shi ne laka ba ta kai ƙarshen baya ba. A baligi tana tsayawa ne wajen ƙashin kwankwaso na farko ko na biyu, daga nan sai jijiyoyi kawai ke ci gaba da sauka. Amma jakar dura da ta lulluɓe ta tana zarcewa har gaɓa ta biyu ta ƙashin tsatso. Tantani ɗaya ne tun daga cikin ƙoƙon kai har ƙugu, cike da ruwa, kuma a kan wannan ne masu tausar kai da tsatso suka gina sunan aikinsu.

Ruwan nan shi ne ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma shi ne ya fi amfanar aikina. Tantanin ƙwaƙwalwa uku ne: dura a waje, wani siriri a tsakiya, da na ciki wanda yake manne da ƙwaƙwalwar. Tsakanin na tsakiya da na ciki ruwan laka yake gudana. A cikin wasu gurabe huɗu da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa ake tace shi daga jini, ya zagaya kai da baya, sannan ya koma cikin jini. A kowane lokaci abin da ke jikin baligi kusan mililita 150 ne, amma a yini jiki na samar da kusan mililita 500, cikin ledar fiya wata guda ke nan, ma'ana ruwan yana sabuntuwa kusan sau uku a rana. Ƙwaƙwalwa mai nauyin kilo 1.3 zuwa 1.4 a cikinsa take iyo, shi ke hana ta danne jijiyoyin da ke ƙarƙashinta, shi ke rage mata bugu in kai ya girgiza.

Adda ce ta haɗa mini wannan da masu jegona. Ta ce allurar baya da ake yi wa mace in za a yi mata tiyatar haihuwa, a ƙasan inda laka ta ƙare ake soka ta, a huda dura, a zuba maganin a cikin ruwan. Wani lokaci hujin ba ya rufewa da wuri, ruwan ya riƙa ɗiga, sai matar ta kamu da wani ciwon kai mai alama guda: in ta zauna ko ta miƙe kamar kan zai tsage, in ta kwanta sai ya lafa. Ba a daɗe da wannan bayanin ba aka kira ni Tumfure wajen wata mai jego da aka yi wa aiki, surukarta na cewa iska ce ta shige ta, a tausa mata wuya. Na tambaye ta yaushe ciwon ke tashi, ta ce da ta ɗago. Na ce wa surukar, "Mama, wannan ba na tausa ba ne. Ku mayar da ita inda aka yi mata aikin ku gaya musu daidai yadda ta gaya mini, sun san shi." Ƙafafunta kawai na tausa mata na tafi.

Sanƙarau ma a nan na fahimce shi. Mu da muke wannan yanki mun san sunansa tun muna yara, mun san da zafin bazara yake zuwa, amma ban san tantanin nan uku ne ƙwayar cuta ke kumburawa ba. Shi ya sa wuya ke sanƙarewa: in aka sunkuyar da kai tantanin yana jawuwa, jiki kuwa ya ƙi. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma Goggo tana iya lissafa gidajen da aka yi rashi a unguwarmu a shekarar. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin da ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, bayan ɓarkewar da ta taɓa jihohi har da Gombe da Bauchi. Ciwon kai da zazzaɓi da taurin wuya, ko ƙin haske, ko ruɗewa, awoyi ake ƙirgawa ba kwanaki ba. A jariri ma wuyan ba lallai ya sanƙare ba, sai dai ya ƙi nono, ya yi laushi, maɗiga ta kumburo. Ina tunanin mai tausar da ba ta san wannan ba, a kawo mata mai ciwon kai da wuya, ta ce a dawo gobe a ƙara. Wannan tunanin kaɗai ya isa ya sa in ce duk mai taɓa wuyan mutane ya yi wannan karatun.

Haka nan gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙasusuwa huɗu suka haɗu. Ƙashin wurin siriri ne, kuma akwai jijiyar jini da ta bi ta ƙarƙashinsa. Mutum ya faɗi daga babur ya bugu a nan, ya suma, ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, har ya tafi gida. Jini kuwa yana taruwa tsakanin ƙashi da dura, bayan 'yan awoyi ya fara amai da barci mai nauyi. Hamma ya ce in riƙa tambayar duk mai ciwon kai ko ya faɗi ko ya bugu kwanan nan, ko da shi bai ɗauki abin da muhimmanci ba.

Jijiyoyin saƙo kuwa, tagwaye 12 ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, tagwaye 31 daga laka. Na kai ɗin na haddace su ta hanyar taɓa fuskata ina kiran aikin kowace: shinshina, gani, juya ido, tauna, murmushi, ji, haɗiya, ɗaga kafaɗa, motsa harshe. Biyu ne suka zauna mini sosai. Ta bakwai ita ke motsa tsokar fuska, kuma in ta kumbura sai baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, abin da a wurinmu ake yawan dangantawa da iskokai. Hamma ya nuna mini cewa in matsalar a jijiyar take, goshin wannan ɓarin ma ba ya motsi, in kuwa daga ƙwaƙwalwa ne kamar shanyewar ɓarin jiki, yawanci mutum na iya ɗaga gira, sai dai hannu ko magana su taɓu. Ya kuma gargaɗe ni cewa ba aikina ba ne in yanke hukunci, duk bakin da ya karkace farat ɗaya a kai shi asibiti ranar. Ta goma kuma ita ce begas, wadda ta fito ta wani huji a gindin ƙoƙon kai ta sauka wuya, ta kai zuciya da huhu da hanji. Ita ke rage gudun zuciya, ita ke taimaka wa narkewar abinci. Sashen jijiyoyin da ke kwantar da jiki, wanda begas ke cikinsa, daga wuri biyu yake fita, daga kai da kuma gaɓa ta biyu zuwa ta huɗu ta ƙashin tsatso, inda yake kula da mafitsara da ƙarshen hanji. Na fara ƙirga bugun jinin mata a wuyan hannu kafin tausa da bayanta, ina murna in na ga ya sauka. Da na gaya wa Hamma sai ya ce, "Ki kwantar da mutum a ɗaki mai shiru ba tare da kin taɓa shi ba, ki ƙirga ki gani." Na gwada, ya sauka a hakan ma.

Da na ci jarrabawar share fage aka buɗe mini darussan tausar kanta. Asalinta daga William Sutherland ne, wani Ba'amurke mai aikin gyaran ƙashi da hannu, wanda ya yi karatu a makarantar Andrew Still, wanda ya ƙirƙiro wannan fannin, a ƙarshen ƙarni na 19. Ya kalli mahaɗar ƙasusuwan kai ya raya cewa an yi su ne don su riƙa ɗan motsi, ya yi shekaru yana gina wannan ra'ayi, ya fito da shi fili a shekarun 1930. John Upledger ne ya sauƙaƙa shi a shekarun 1970 lokacin yana aiki a wata jami'a a jihar Mishigan, ya ba shi sunan da aka san shi da shi yau, ya buɗe cibiyar koyarwa a 1985. Koyarwarsu ita ce ruwan laka yana da wani kaɗawa nasa, sau 6 zuwa 12 a minti, dabam da numfashi da bugun zuciya, kuma hannun da ya ƙware zai ji shi a kai da ƙugu, ya gyara shi da nauyin da bai wuce giram 5 ba. Giram 5 nauyin farar takardar A4 guda ne. Na aro ƙaramin ma'auni irin na masu sayar da gwal, na riƙa ɗora yatsa ina koyon tsayawa a kan biyar. Wannan horon ya gyara mini hannu ƙwarai, don mu masu tausar gargajiya da ƙarfi muka saba, har muna ganin in ba a ji zafi ba aiki bai yi ba.

Na tallabe ƙeyar Adda, na rufe ido, na saurara. Akwai motsi, babu shakka. Amma yanzu na san a ƙarƙashin tafina akwai jijiyar jinin ƙeya da ke bugawa, akwai numfashinta da ke motsa wuya, akwai numfashina, akwai bugun jinin yatsuna. Wanne daga ciki nake ji? Sannan ga abin da littafin anatomi ya koya mini da kansa. Mahaɗar sifenoyid da ƙashin ƙeya, wadda koyarwar Sutherland ta ɗauka a matsayin cibiyar motsin, guringuntsi ce a yaro, amma tana zama ƙashi tun a shekarun balaga. Sauran mahaɗan kuwa na riga na ga yadda haƙoransu suka sarƙe, kuma da yawansu suna ƙara haɗewa in shekaru suka ja. Na kasa yarda cewa nauyin takarda guda, ta saman gashi da fata, zai gusar da su.

Na koma wa Hamma da wannan, sai ya ce lokacin maganar da ya yi mini alkawari ya yi. Ya gaya mini an yi gwaje-gwaje a shekarun 1990 inda ƙwararrun wannan tausa ke ƙirga kaɗawar a jikin mutum ɗaya, lissafinsu bai zo ɗaya ba. A 1999 wata hukumar tantance hanyoyin magani a Kanada ta duba binciken da ake da shi ta ce babu hujjar da ta isa a ce tausar tana warkar da cuta. Masu koyar da ita da kansu sun hana yin ta ga mai fashewar ƙoƙon kai, ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko matsi a cikin kai. A 2009 kuma likitoci a ƙasar Holan sun ba da rahoton jaririya 'yar wata uku da ta rasu bayan wani mai wannan aiki ya lanƙwasa mata wuya da baya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tallan da nake gani a intanet cewa tana maganin farfaɗiya, ko taruwar ruwa a kan yaro, ko yaron da bai yi magana ba. A garin da iyaye ke zagaya gidajen magani da yaro sai abu ya ƙazance kafin a je asibiti, ƙara musu wata ƙofar ɓata lokaci zalunci ne, ko da an lulluɓe shi da sunan Turawa.

Ban yar da komai ba. Akwai ƙananan tsokoki guda huɗu a kowane ɓari a ƙarƙashin ƙeya, tsakanin ƙoƙon kai da ƙasusuwan wuya biyu na farko, akwai tsokar tauna a gefen kai da kumatu, akwai babbar tsokar da ta taso daga ƙeya ta bazu a kafaɗu. Waɗannan hannu yana kai musu, kuma su ne ke ɗaurewa a jikin matar da ta kwana tana shayarwa a sunkuye, ko wadda ke cije haƙora saboda damuwa. In na sa yatsuna a gindin ƙeya na bar nauyin kanta ya sauka a kansu, na ce ta ja numfashi a hankali, da yawa sukan ji sassauci, wasu har barci. Abin da nake gaya musu shi ne tausa ce mai laushi da ke sassauta tsoka ta kwantar da jiki. Ba na ce wa kowa na gyara mata ƙashin kai ko na daidaita mata ruwan ƙwaƙwalwa. Jarirai kuwa ba na taɓa musu kai da wuya da sunan magani sam.

Kafin in ɗora hannu yanzu sai na yi tambayoyi: yaushe ciwon ya fara, farat ɗaya ya zo ko a hankali, akwai zazzaɓi, akwai amai, an faɗi, gani ya dushe, hannu ko ƙafa sun yi nauyi, an yi allurar baya. Na sayi na'urar awon jini, Adda ta koya mini ɗaura ta daidai. Mai jego da ke ciwon kai in awonta ya kai 140 bisa 90, balle in tana ganin wasu taurari ko fuskarta ta kumbura, ba na ko buɗe kwalbar mai, domin jijjigar haihuwa tana iya zuwa bayan an sauka lafiya, har cikin makonnin jego. Wasu gidajen ba sa jin daɗin haka, sun kira mai tausa ta zo tana tura su asibiti. Nakan zauna in yi wa uwar miji ko uwar ɗakin bayani da zanen da ke littafina, kuma yawanci in suka ga hoton sukan sauko.

Takardar shaidar da na samu ta intanet ba ta mai da ni likita ba. Gashin ƙashi a Nijeriya digiri ne na jami'a, da rajista a hukumar da ke kula da masu aikin, kuma duk wadda ciwonta ya wuce gajiyar tsoka wajen su Hamma nake tura ta, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Mataki na gaba na kwas ɗin tausar ban biya kuɗinsa ba. Kuɗin na sa a karatun ƙugu da tsokokin ƙasan mara, tun da masu jego ne rabin aikina, kuma yoyon fitsari da ciwon tsatso bayan haihuwa sun fi yawa fiye da yadda mata ke faɗa. Adda ta yi alkawarin aro mini ƙashin ƙugu na roba da suke koyar da ɗalibai da shi, Goggo kuma ta ce in an kawo a kira ta, tana so ta ga hanyar da kan jariri ke bi ya juya.